Farar Wuta a Rumfar Sikeli

A ƙarshen layin masu zubin tukwane, inda kwata take karya kwana ta bi bayan kasuwa, akwai wata rumfa da hayaƙi ya rine kwanonta. A bakin ƙofarta an ɗora tsohuwar kujerar mota a kan bulo, soson cikinta duk ya leƙo waje. Nan ne mazaunin Sikeli.

Ba sunansa na yanka ba ne, amma ya bi shi har gida, ko matarsa in ranta ya ɓaci da shi take kiransa. Hannunsa ne ya jawo masa. Aikin rumfar shi ne a sayi tarkacen alminiyam, tsofaffin sassan inji da fasassun tukwane, a narka, a zuba a ƙasar zubi, a fito da sabuwar tukunya. Ƙanensa ne a kan wuta, shi ya sa ake ce masa Mai-zubi. Shi kuwa Sikeli, duk abin da zai shiga tukunyar narki sai ya bi ta tafin hannunsa. Ya ɗauka, ya ɗan jinjina, ya jefa dama ko hagu. Dama na wuta ne. Hagu kuwa ko kusa da murhu ba a kai shi.

Dalili shi ne akwai wani ƙarfe da yake shigowa cikin gwangwan ya yi lamo. Launinsa launin alminiyam, taurinsa kusan ɗaya, in an shafe shi da fenti ko uwar da ta haife shi ba za ta gane shi ba. A littafi maganiziyam ake ce masa. A wannan rumfa munafuki suke kiransa. Yana zuwa a murfin wasu injuna, da giyabos ɗin wasu motoci, da jikin injin yankan itace. Abin da yake tona masa asiri shi ne bai kai alminiyam nauyi ba. In ya ji wuta sosai ba ya narkewa ya kwanta kamar ɗan'uwansa, kamawa yake yi, da wani farin haske da ido ba ya iya ɗauka.

Sikeli ya taɓa ganin wannan haske yana saurayi, zamanin mahaifinsu. Wutar ta cinye rumfarsu ta farko, ta bar toka fara tas. Da aka sake gini tsohon ya kafa doka: ba abin da zai shiga wuta sai an jinjina shi a hannu, kuma durom ɗin busasshen yashi ya zauna a gefen murhu, a rufe, ba mai taɓawa. Ƙasar zubi ba ta wannan aiki, don da danshinta ake amfani da ita. Tsohon ya gwada hannun 'ya'yansa biyu, na babban ya fi ji. Tun ranar Sikeli ya zauna a bakin ƙofa, har gemunsa ya yi fari a wurin.

Ya ci zamaninsa kuwa. Dillalan gwangwan sukan yi masa tarko, su cusa munafuki a tsakiyar buhu don su ga ko zai wuce. Ba ya ko kallon hannunsa, yana cikin hira zai jefa shi hagu ya ce, "Ka gaida wanda ya aiko ka." Mata masu cefane sukan tsaya su miƙa masa ƙullin nama su ce ya faɗa musu ko mahauci ya cuce su. Ranar da aka haifi 'yarsa ta fari, wadda aka sa wa sunan mahaifiyarsa, da aka miƙo masa ita a zane sai ya jinjina ta ya ce, "Wannan tsantsa ce, ba gauraye." Unguwarzoma ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Abin ya fara ne kamar tafiyar kiyashi a kan yatsu. Daga baya ya koma kamar ya sa safar hannu mai kauri wadda ba ta cirewa. Likita ya ce ciwon suga ne ya taɓa jijiyoyin, ya ba shi magani, ya ce abin da ya tafi da wuya ya dawo. Sikeli ya ninke takardar maganin ya sa a aljihu, washegari ya koma kujerarsa. Ya riƙa aiki da ido. Ya san siffar sassan da munafuki yake zuwa a cikinsu, sai ya ɗauka ya jinjina don masu kallo, ya yanke hukunci da abin da ya gani.

Matarsa ce ta fara kama shi. Wata safiya ta same shi a tsakar gida yana kokawa da maɓallin wuyan riga.

"Wai rigar ce ta yi maka laifi?"

"Telan ne bai iya huda ba."

"Telan da ya ɗinka ta ya mutu tun kafin auren 'yarka. Kawo nan." Ta ɓalla masa, ba ta ɗaga kai ba. "Jiya na ga ka sauke buta daga kan wuta ba tsumma."

"Hannun maƙeri ne."

"Hannun maƙeri ma yakan ce wash."

"Ke dai ki ji da kicin ɗinki."

"Malam, ka gaya wa ƙanenka."

"In gaya masa me? In ce Sikeli ya lalace, a kai shi bola?"

"Ka ce masa ka gaji. Gajiya ba abin kunya ba ce."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Ya ga yadda tsofaffin layinsu suke ƙarewa. Mutum yana barin kasuwa sai a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, a riƙa gaishe shi da ƙarfi kamar kurma, ya zama mai gadin takalman jikoki. Kafin a farga sai a ji sanarwar rasuwa. Wannan tabarmar yake tsoro, fiye da wutar da yake tsare rumfar daga gare ta.

Da ta ga ba zai ji ba, matar ta kai magana wurin 'yarsu. Ita malamar kimiyya ce a wata sakandare, kowa Malama yake ce mata, ban da uban, wanda ba ya iya kiran sunan mahaifiyarsa, sai dai ya ce Uwata. Ta san ba a tunkarar irinsa kai tsaye. Sai ta biyo ta rumfar bayan an tashi makaranta, da lemon tsami a jaka.

"Baba, sannu da aiki. Baffa, ina wuni? Wani ɗan abu nake nuna wa ɗalibai, na ce bari in kawo muku ku gani."

Ta ɗauki wani guntu daga tarin hagu, ta goga masa magagari har ya yi fari, ta matsa lemon a wurin. Nan take ya hau kumfa yana wata 'yar ƙara, tsss. Ta ɗauko na tarin dama ta yi masa haka, bai ko motsa ba.

Mai shayin da bai daɗe da kafa tebur a gefen rumfar ba ya leƙo ta kafaɗarta. "Ikon Allah! Ƙarfe na shan lemo! Malama, a ƙara masa suga ko haka yake so?"

"Mai shayi, ruwanka na zuba!" wani ya ƙwala daga waje. Ya ruga yana salati.

Mai-zubi ya goge gumi da gefen riga. "Ni abin da ban taɓa ganewa ba, 'yata, kowace wuta tana tsoron ruwa. Shi me ya sa ruwa yake haukata shi?"

"Baffa, wuta ba ta ci sai da wani sashe na iskar da muke shaƙa. To shi wannan ƙarfen, kwaɗayinsa da wannan iska ya wuce misali. Ruwa ma akwai irinta a jikinsa. In ya kama ka watsa masa ruwa, sai ya farke ruwan ya zare rabonsa, ya bar wata iska mai kamawa kamar gas. Ka ga ka kawo masa abinci, ka haɗa masa da fetur. Ko irin abin kashe gobarar nan mai fesa iska, ci yake a cikinta. Sai dai a binne shi, a raba shi da iska gaba ɗaya."

"Ka ji munafuki," in ji Mai-zubi.

"Kuma farar tokar da yake bari, in aka tattara ta duka aka auna, ta fi ƙarfen da aka ƙona nauyi."

Sikeli ya ɗago. "Toka ta fi ƙarfe nauyi?"

"Saboda iskar da ya haɗiye, Baba. Tana nan a ciki."

Ya jima yana juya maganar, har fuskarsa ta saki. Duk shekarun nan yana auna abu, ba wanda ya taɓa gaya masa iska ma tana da nauyin da ake iya kamawa. Malama ta ga ƙofa ta buɗe, sai ta sa ƙafa.

"Da za a riƙa ajiye lemon nan a rumfa, duk guntun da ake shakka a ɗiga masa. Ba sai hannu ya wahala ba."

Fuskar ta rufe.

"Uwata, gaisuwa kika zo, ko karɓar kujera?"

"Haba Baba."

"Wa ya ce miki hannu ya wahala?"

Mai-zubi ya juya baya ya hau gyara gawayin da ba ya buƙatar gyara.

"Kwashe lemonki ki kai wa uwarki," in ji Sikeli. "Ita ta san aikinsa."

Haka aka ci gaba, ba abin da ya faru, har shi kansa ya fara yarda cewa idonsa ya wadatar.

Ranar da abin zai faru, wata mai gidan abinci ta tsaya musu a wuya. Manyan tukwane ta sa a zuba mata, an yi mata alkawari an saɓa, ta rantse in ba ta same su kafin yamma ba, wata rumfar za ta kai aikinta. Ana cikin haka dillali ya sauke buhuna, ya zazzage a gaban kujera. Kayan duk an farfasa su da guduma, an taɓa shafe su da koren fenti, na wani inji ne da Sikeli bai taɓa gani ba. Ba siffa, ba kamanni. Ido ba shi da abin kamawa.

Ya ɗauki guntu ɗaya ya jinjina. Da iska ya ɗauka, da dutse, duk ɗaya ne a wurinsa. Ya ƙwanƙwasa shi a jikin bulo ko kunne zai taimaka, don munafuki amonsa a dakushe yake, amma injin niƙan maƙwabta yana ta kururuwa.

"Yaya, a turo," in ji Mai-zubi daga ciki. "Wuta ta yi."

"Sikeli, yau kuma istihara kake yi?" in ji dillali yana dariya.

Kalma ɗaya ce ta rage ya faɗa: a dakata. Ya dubi dillali, ya dubi mai gidan abinci da ta riƙe ƙugu. Ya jefa guntun dama. Ya jefa na biyu, da na uku, da sauri, kamar yadda ya saba a zamanin da hannun yake ji. Mai-zubi ya zo ya kwashe a kwando ya shige.

Da farko ba a ji komai ba sai gurnanin injin zuga. Can sai cikin rumfar ya yi fari. Rana ce tsaka, amma hasken ya danne ranar, inuwar kowane ginshiƙi ta fito baƙa ƙirin a jikin bango.

"Kar ku kalla!" Sikeli ya miƙe. "Ku rufe ido! Yashi! Yashi!"

Ya isa durom ɗin, ya kama murfin. Yatsun suka zame. Ya sake kamawa, suka sake zamewa, yana ganinsu a kan ƙarfen amma ba ya jin inda suke. A wannan ɗan tsakanin ne mai shayi ya shigo a guje da bokitin wanke kofunansa, yana kiran sunan Allah.

"Kar ka zuba! Kar ka..."

Ya riga ya watsa.

Ƙarar ta kai har bakin titi. Fararen tartsatsi suka tashi sama suka bugi kwano suka zubo. Mai-zubi, wanda ya fi kowa kusa, ya yi wata ƙara ya faɗi ya dafe fuska.

Sikeli ya sa kafaɗa ya banke durom ɗin, ya faɗi, murfi ya fita, yashi ya zube. Ya riƙa kwasa da hannu biyu yana zubawa a bakin tukunyar narki, idonsa a rufe, yana bin zafin da fuskarsa. Maƙwabta suka iso da shebur. "Ba ƙasar zubi ba!" yake ce musu. "Busasshe! Na ƙasa nan!" Da hasken ya fara dusashewa a ƙarƙashin yashi, ya jawo faifan ƙarfen da ke jingine da murhu ya kifa a kai, ya danne.

Farin hayaƙi ya cika rumfar, toka mai laushi kamar hoda tana sauka a kan kowa. An ɗauki Mai-zubi an fita da shi. Mai shayi ya durƙusa a ƙasa yana kuka kamar yaro. "Taimako na zo yi. Wallahi taimako na zo yi."

"Na sani," in ji Sikeli. "Tashi. Ba wanda ya gaya maka."

Sai ya lura kowa shi yake kallo. Dillali ne ya iya buɗe baki.

"Sikeli... hannunka."

Ya duba. Fatar tafin ta saluɓe, wani wurin ta tattare kamar ledar da ta ji wuta. Ya juya hannun yana kallo kamar na wani ne aka ba shi riƙo. Bai ce wash ba, bai ko yamutsa fuska ba. Waɗanda suka san aikin suka dubi hannun, suka dubi tarin dama, suka sunkuyar da kai.

A asibiti aka naɗe masa hannayen biyu har gwiwar hannu. Ƙanen yana ɗakin gaba, an rufe masa fuska da bandeji, baki da hanci kawai aka bari. Likita ya ce ido ɗaya akwai sa rai, ɗayan kuma sai yadda hali ya yi. Washegari da hantsi Sikeli ya shiga ya zauna a bakin gado.

"Yaya ne?" in ji Mai-zubi.

"Ni ne. Ya jikin?"

"Da sauƙi. An ce kai ma ka ƙone."

"An ce."

Ma'aikaciyar jinya ta wuce da keken magani, tayarsa ɗaya tana kuka.

"Ban ji nauyinsa ba," in ji Sikeli. "Ba jiya kaɗai ba. Na daɗe ba na ji."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Tun ranar da ka miƙo min guduma ta faɗi a ƙafarka kana neman ta a hannu. Daga nan duk kwandon da na kwasa a gabanka, sai na zagaya bayan murhu na sake jinjinawa ɗaya bayan ɗaya. Hannuna bai kai naka na da ba, amma yana ɗan ji. Na tsinci munafuki ba sau ɗaya ba, na jefa a kwata. Jiya ne matar nan ta tsaya a kaina, na ce bari in yi sauri, yau ɗaya."

"Ka sani, ka bar ni ina zaune ina wasan yara?"

"To me zan ce? In dubi idonka in ce Yaya tashi? Kai ka goya ni. Kai ka koya min riƙe awartaki. Na ɗauka kai za ka faɗa. Kullum ina cewa gobe zai faɗa."

"Ni kuma ina cewa ba wanda ya gane."

"Duk layin sun gane, Yaya. Mai shayi ne kawai bai gane ba, shi kuma ko shayinsa bai gane ba."

Sikeli ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. Ya so ya dafa ƙanensa, ya ɗaga hannun, ya ga ƙunshin bandeji, ya mayar da shi kan cinya.

Malama tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon abinci, ba su san lokacin da ta iso ba.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"In Allah ya ta da baffanki aka buɗe rumfa, ki je ki nuna musu abin nan naki na lemo. Ki nuna wa duk layin, har mai shayi. Ki gaya musu maganar ruwan ma."

"Kai fa?"

"A shigar da kujerar ciki. Duk mai so ya zauna."

Ta buɗe baki za ta yi magana, ya girgiza kai. Ta ajiye kwanon ta fita, suna jin sheshsheƙarta a baranda.

An sallami Mai-zubi da ido ɗaya. Da shi ya koma kan wuta, yana karkata kai in zai zuba narkakken ƙarfe don kada ya kuskure bakin rami. Hannun Sikeli ya warke, amma yatsun sun lanƙwashe, ba sa miƙewa. Bai sake taka layin masu zubi ba. In Mai-zubi ya biyo da yamma ya ba shi labarin kasuwa, sai ya saurara, ya tambayi lafiyar kowa, ya kalli ƙasa duk lokacin da ƙanen ya juyo da gefen fuskar da ya ƙone.

Wata safiya wani ɗan dako da ya saba kai musu gawayi ya wuce ta ƙofar gidan da kurarsa, ya gan shi a tsaye cikin rigar gida, ba hula.

"A'a, Sikeli! Rana ta yi. Yau ba fita?"

"Ba fita."

"Gobe fa?"

"Tura kurarka, ɗana. Ana jiran gawayi."